Ruɓewar Gindi: Cutar da Ke Cin Alkama Daga Ƙasa da Fafutukar Neman Irin da Zai Jure Mata

A watan Oktoba, lokacin da alkama ke zuba ƙwaya a filayen arewacin jihar New South Wales da kudancin Queensland na ƙasar Ostireliya, abin da manomi ke fargabar gani a gonarsa shi ne fararen zangarku jefi-jefi a tsakiyar kore. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka sun riga 'yan'uwansu nuna ne. Amma in aka tsinko ɗaya aka murza a tafin hannu, ƙaiƙayi ne zalla, ko kuwa 'yan ƙwayoyi tsamurarru da ba za su ba da gari ba. In aka tuge tsiron aka ɓare ganyen da ya naɗe gindinsa, sai a tarar karan ya rine ya koma ruwan zuma, wani lokaci har da wani abu ruwan hoda a cikin gaɓa. Sau da yawa alamar takan fara bayyana ne a sawun tayar tarakta da kewayen itatuwa, wato wuraren da ƙasa ta fi saurin bushewa.

Wannan ita ce cutar ruɓewar gindi. Fiye da shekara 70 ke nan da masana suka san da ita a Ostireliya, kuma har yau ba a samu irin alkama ko sha'ir ko guda ɗaya da ba ta kamawa ba. Shi ya sa akalar bincike ta karkata ga wata tambaya: tun da kowane iri yana kamuwa, wanne ne zai kamu amma ya ba manomi abin kai wa kasuwa? Amsar ta taimaki manoma ƙwarai, sai dai ta zo da nata tarko.

Abin da ke kwance a cikin tushiya

Mai haddasa cutar wata ƙwaya ce daga dangin funfuna, mai suna Fusarium pseudograminearum. A kudancin ƙasar, inda aka fi sanyi da laima, 'yar'uwarta Fusarium culmorum ma tana yin irin wannan ɓarna. An fara rubuta labarin cutar a 1951 a yankin Darling Downs na Queensland. Shekaru da yawa ana ɗaukar ƙwayar a matsayin Fusarium graminearum, wadda ke ɓata zangarniya daga sama, har sai a 1977 da Francis da Lester Burgess na Jami'ar Sydney suka nuna cewa rukuni biyu ne masu hali daban. A 1999 Takayuki Aoki da Kerry O'Donnell suka tabbatar da cewa mai cin gindin jinsi ce mai zaman kanta, suka raɗa mata sunan da take amsawa yau.

Abin da ya mayar da ita babbar annoba kuwa gyara ne da manoma suka yi wa nomansu. A arewacin New South Wales da kudancin Queensland ruwan sama ya fi zuba a lokacin zafi, alkama kuwa shukar hunturu ce, ana shuka ta daga Afrilu zuwa Yuni a girbe daga Oktoba zuwa Disamba. Saboda haka rayuwarta ta dogara ne a kan ruwan da baƙar ƙasa mai laka ta sha ta adana, kamar dai yadda masakwa ke rayuwa a firgin Borno bayan ɗaukewar damina. Da can manoma kan ƙone kara su yi huɗa, ruwa mai ƙarfi ya zo ya kwashe ƙasa. Daga wajajen shekarun 1980 sai suka koma barin kara da tushiya a gona, suna kashe ciyawa da magani, suna shuka ba tare da huɗa ba. Zaizaya ta ragu, ƙasa ta ƙara riƙe ruwa, amfani ya ƙaru. Sai dai a cikin wannan tushiya ce ƙwayar cutar ke zama, kuma takan yi shekara 2 zuwa 4 a raye, gwargwadon saurin ruɓewar karan. A shekarun fari, da ruɓewa ke tafiyar hawainiya, sai ta ƙara daɗewa.

Idan sabon tsiro ya taɓa guntun tsohon kara mai cutar, kuma akwai danshi, sai ƙwayar ta shiga ta gindi, ta riƙa hawa a hankali cikin kara tana toshe jijiyoyin da ruwa ke bi zuwa sama. Muddin ƙasa na da ruwa, tsiron yakan lallaɓa da sauran jijiyoyin da suka rage masa. Ranar da zafi ya taso ƙasa ta bushe, daidai lokacin zuba ƙwaya, ruwan da ke isa zangarniya sai ya gaza, ta mutu a tsaye. Shekarar da ta fi muni ita ce wadda ta fara da ruwa ta ƙare da fari. Shekarar da ta ƙare da ruwa kuwa, gona na iya kamuwa gaba ɗaya ba a ga farar zangarniya ba, manomi ya girbe ya yi murna, alhali tushiyar da ya bari cike take da cutar.

A 2009 Gordon Murray da John Brennan sun yi wa GRDC, hukumar da ke ɗaukar nauyin binciken hatsi da kuɗin manoma da na gwamnati, ƙiyasin asarar da cututtuka ke jawowa. Sun ce ruɓewar gindi na cin dalar Ostireliya miliyan 79 a alkama da miliyan 18 a sha'ir kowace shekara. Ƙiyasin da aka sake yi a 2022 ya haura miliyan 400. Asarar kuma ba ta tsaya ga raguwar tan ba. A wurin sayen hatsi ana zuba alkama a rariya mai ramin milimita 2, in abin da ya zube ya wuce kashi 5 cikin ɗari sai a rage mata daraja, farashinta ya faɗi. Tsamurarriyar ƙwaya kuwa ita ce ke fara bi ta rariyar.

Garkuwa daban, juriya daban

Masana na raba halin iri gida biyu. Iri mai garkuwa shi ne wanda ke hana ƙwayar cutar yaɗuwa a jikinsa: rinin gindinsa kaɗan ne, kuma funfunar da zai bari a tushiya ba ta da yawa. Iri mai juriya kuwa yana iya kamuwa sosai, amma amfanin da yake bayarwa ba ya faɗuwa kamar na sauran. Ba dole ne halayen biyu su haɗu a iri ɗaya ba. An ga irin da gindinsa ya rine ƙwarai amma ya cika buhu, an kuma ga wanda rininsa bai kai haka ba amma ya yi asara mai yawa.

Garkuwa ana auna ta da ido: a tuge tsirrai, a wanke, a duba tsawon wurin da ya rine. A tsarin gwajin iri na ƙasa da GRDC ke gudanarwa tun 2005, ana ba kowane iri maki daga mai cikakkiyar garkuwa zuwa mai tsananin rauni. A wajen tsatsa, wadda ke kama ganye, akwai ire-iren alkama da dama da ke can saman ma'auni. A wajen ruɓewar gindi kuwa, mafi kyawun irin da ke kasuwa bai wuce matakin mai matsakaicin rauni ba, yawanci ma suna ƙasa da haka.

Auna juriya ya fi wahala, domin ba ta ganuwa sai a sikeli. Hanyar da Steven Simpfendorfer da abokan aikinsa na ma'aikatar gona ta New South Wales a Tamworth suka yi fice da ita ita ce shuka kowane iri a fili biyu kafaɗa da kafaɗa. A ɗaya sai a zuba masa cutar da gangan: ana dafa ƙwayar alkamar durum har ta mutu, a rene funfunar a jikinta, sannan a zuba giram 2 a kowace mita ta layin shuka. Ɗayan filin a bar shi haka nan. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya, don haka bambancin da aka samu ranar girbi aikin cutar ne. Sai an maimaita wannan a wurare da yawa cikin shekaru da yawa, saboda a shekarar ruwa filayen biyu kan fito kusan kunnen doki.

A waɗannan gwaje-gwaje, irin da aka mayar ma'auni shi ne EGA Gregory. Manoman arewacin New South Wales da kudancin Queensland sun so shi ƙwarai don yawan amfaninsa, amma da zarar ya haɗu da cutar a shekarar fari sai ya zube. Ire-ire irin su Sunguard, Suntop, LongReach Lancer da LongReach Spitfire sun sha ba shi rata a filayen da aka zuba wa cutar. Amma gwajin ya kuma koyar da cewa duban kason asara kaɗai na iya ɓatar da manomi. A misali, irin da ke ba da tan 4 a hekta in ya rasa kashi 20 cikin ɗari ya koma tan 3.2, har yanzu ya fi wanda ke ba da tan 3.3 ya rasa kashi 10 kacal. Abin da manomi ke buƙatar sani shi ne nawa kowane iri zai zuba a mota idan cutar na nan.

Sha'ir mai tsere, durum mai rauni

A gwajin da Richard Daniel da Simpfendorfer suka fitar da sakamakonsa a 2008, matsakaicin asara ya kai kashi 25 cikin ɗari a alkamar burodi, kashi 20 a sha'ir, kashi 58 a durum. Wannan jeri ya sa manoma da yawa suka riƙa cewa gonar da ke da cutar a ba ta sha'ir.

Shawarar tana da tushe, amma gaskiyarta rabi ce. Sha'ir na kamuwa kamar yadda alkama ke kamuwa, gindinsa ma yakan fi rinewa. Abin da ke cetonsa shi ne saurin nuna: yakan gama zuba ƙwaya kafin zafin ƙarshen shekara ya tsananta, don haka ya tsere wa lokacin da cutar ke kisa. Da wuya kuma a ga farar zangarniya a gonar sha'ir, abin da ke sa ɓarnar ta wuce ba a lura ba. In aka makara wajen shuka shi, ko fari ya zo da wuri, wannan rata takan ɓace. Mafi muhimmanci, tushiyar sha'ir na barin cutar a gona daidai da ta alkama ko fiye. Manomin da ya shuka sha'ir a gona mai cutar ya tsira da amfanin bana, amma alkamar da zai shuka baɗi za ta tarar da abin da ya fi na bara yawa. Haka lamarin yake ga duk wani iri mai juriya marar garkuwa.

Durum kuwa, alkama mai tauri da ake taliya da kuskus da ita, ita ce ta fi kowa rauni. Filayen Liverpool Plains da ke kusa da Tamworth na fitar da durum mai inganci da ake kaiwa har Italiya, kuma farashinta ya fi na alkamar burodi. Duk da haka ruɓewar gindi ce babban abin da ya hana nomanta faɗaɗa, domin a mummunar shekara manomi na iya rasa mafi yawan abin da ya shuka. Shawarar malaman gona a kanta ba ta da kwana: kada a shuka durum sai a gonar da aka tabbatar cutar ta yi ƙasa sosai.

Farautar ƙwayoyin gado

Masu ƙirƙirar iri sun daɗe suna nema. A cibiyar bincike ta Leslie da ke Toowoomba, Graham Wildermuth ya shafe shekaru yana tace ire-ire, kuma a can aka yi ta aiki da wani layi mai suna 2-49, wanda ya fito daga auren tsofaffin ire-ire biyu, Gluyas Early da Gala. Garkuwarsa ta fi ta kowane irin kasuwa, amma amfaninsa da sauran halayensa ba su kai a ba manomi ba. Sunco, da aka fitar a 1986, ya daɗe yana zama zaɓin masu gona mai cutar saboda ɗan abin da yake da shi na garkuwa idan ya girma. A hukumar bincike ta CSIRO, ayarin Chunji Liu ya gano wani wuri mai ƙarfi a kan kuromosom 3B a jikin CSCR6, wata alkama daga tsohon dangin da ake kira sifelt. A sha'ir ma sun samu irin wannan a kan 3H daga wani irin ƙasar Sin mai suna TX9425, da kuma a kan 4H daga sha'ir na daji.

Me ya hana wannan zama magani? Garkuwa daga tsatsa sau da yawa ƙwayar gado ɗaya ce mai ƙarfi, a ɗauko ta a dasa a sabon iri. Ta ruɓewar gindi kuwa a warwatse take a wurare da yawa, kowanne da ɗan abin da yake ƙarawa, sai an tara uku ko huɗu a tsiro ɗaya kafin a ga bambanci a gona. Wajen ɗauko su daga tsohon iri ko na daji, munanan halaye kan biyo su, kamar tsayin da ke sa alkama kwanciya ko ƙwaya mai wuyar sussuka. Abin da tsiro ya nuna yana ƙarami a ɗakin gwaji ba lallai ya nuna shi a fili yana babba ba. Tsayin tsiro da lokacin furensa ma suna rikita awo, har a ɗauka iri na da garkuwa alhali gajarta ce ko saurin nuna. Juriya kuwa ta cuɗe da yadda tsiro ke sarrafa ruwa: zurfin saiwarsa, yawan rassan da yake fitarwa, da yadda yake tanadin abinci a kara don ciyar da ƙwaya idan fari ya zo. Wanda ke neman juriyar wannan cuta, kusan juriyar fari yake nema.

Abin da ya rage a hannun manomi

Saboda haka malaman gona a Ostireliya suna nanata cewa zaɓin iri shi ne mataki na ƙarshe. Na farko shi ne sanin abin da ke gonar. Cibiyar SARDI ta jihar South Australia na da gwajin PREDICTA B, wanda ke auna yawan ƙwayar cutar a samfurin ƙasa da guntayen tushiya kafin shuka, ya gaya wa manomi ko haɗarin ƙarami ne, matsakaici ko babba.

In ya yi yawa, sai a huta da alkama da sha'ir. Ana shuka kanola, wadda ake matse mai daga 'ya'yanta, ko waken ful, ko waken cikpi da Larabawa ke humus da shi, ko kuwa dawa da auduga a lokacin zafi. Binciken John Kirkegaard da abokansa ya nuna kanola ta fi cikpi rage cutar, domin ganyenta na rufe ƙasa ya riƙe laima, tsohon kara ya yi saurin ruɓewa. Dole kuma a kashe ciyayi dangin hatsi a wannan hutu, don su ma suna ɗaukar ƙwayar. Na'urar GPS ta kawo wata dabara: a bar tsohuwar tushiya a tsaye a layinta, a shuka sabon iri a tsakanin layuka, yadda tsiro ba zai taɓa ta ba. Wannan na rage yawan tsirran da ke kamuwa da kusan rabi.

Hanyoyin da suka fi zuwa wa mutum a rai kuwa ba su cika biyan buƙata ba. Wuta na cinye abin da ke sama ne kawai, gindin da ke cikin ƙasa na nan da cutarsa, ga asarar laima. Huɗa na farfasa kara ta watsa shi ko'ina cikin gona. Aikin Toni Petronaitis a Tamworth ya nuna cewa ko bayan girbi funfunar na ci gaba da hawa cikin busasshen kara idan ta samu laima, don haka dogon karan da aka bari a tsaye na iya cika da ita, injin girbin cikpi da ke yanka ƙasa-ƙasa ya zo ya watsa shi. Takin zamani ma sai da lissafi: in aka cika naitirojin da wuri, alkama ta yi ganye da yawa ta shanye ruwan ƙasa kafin lokacin ƙwaya. Tsutsar saiwa da ido ba ya gani, Pratylenchus thornei, in ta haɗu da cutar a gona ɗaya asarar takan ƙaru, don haka irin da za a zaɓa sai ya iya da duka biyun. Magungunan da ake cuɗa iri da su, har da Victrato na kamfanin Syngenta, suna rage asara, amma ba sa share cutar daga gona.

Daga Oregon zuwa Henan

Cutar ba ta Ostireliya kaɗai ba ce. A busassun filayen arewa maso yammacin Amurka, Richard Smiley na Jami'ar Jihar Oregon ya ruwaito a 2005 cewa matsakaicin asara a gonakin manoma ya kai kashi 9.5 cikin ɗari, a wasu har kashi 35. A Turkiyya da Tunisiya da Maroko, inda durum ke da muhimmanci kuma damina kan ƙare da fari, cibiyoyin CIMMYT da ICARDA na tace dubban layuka don neman masu dama-dama. A ƙasar Sin, an ba da rahoton Fusarium pseudograminearum a lardin Henan a 2012, kuma cikin 'yan shekaru ta zama babbar matsala a filayen Huang-Huai, cibiyar noman alkamar ƙasar, bayan da aka koma mayar da kara cikin gona maimakon ƙone shi. Labarin ya yi kama da na Queensland: an gyara ƙasa, cutar ta samu wurin zama.

Noman alkama a arewacin Nijeriya ya sha bamban da wannan. A Kadawa da kwarin Haɗeja da Bakolori noman rani ne da ban ruwa, shinkafa kan biyo baya da damina, kara kuma dabbobi ke cinyewa. Amma raunin alkamar Nijeriya ɗaya ne da na alkamar Ostireliya: zafin da ke tasowa daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris yana iske alkamar da aka makara wajen shukawa tana tsakar zuba ƙwaya, dalilin da ya sa Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, mai alhakin alkama da sha'ir a ƙasar, ke jaddada shuka daga tsakiyar Nuwamba. Ƙasar da ke shigo da fiye da kashi 90 cikin ɗari na alkamar da take ci, kuma take ɗokin sababbin ire-ire daga waje, tana da abin koyo a yadda Ostireliya ke auna iri. Ana gwada shi a ƙasar da za a noma shi, a shekara mai kyau da marar kyau, da cuta da babu cuta. Sannan a yi masa tambaya biyu: nawa ya bayar bana, kuma me ya bari a gona ga shukar baɗi.